Na'iya Mai Waya da Fitilun Motar Kebbe

A gidan maƙera aka haifi Na'iya, can Sanyinna, amma tun yana ƙarami kowa ya ga ba zai gaji ƙira ba. Mahaifinsa Abdulhamidu ƙato ne, in ya ɗaga masaba ya sauke sai ƙasa ta amsa. Shi kuwa Na'iya siriri ne, ga yatsu zara-zara kamar na maɗinki. In aka ba shi zuga-zugi sai hankalinsa ya tafi wani wuri har wuta ta mutu. Abin da ke jan ransa ƙananan abubuwa ne, irin su kwaɗon da ya ƙi buɗewa, ko tocilar wani falke da ta daina kamawa. Sai ya kwance su ɗaiɗai a kan tabarma, ya yi ta kallo, ya mayar. Wani lokaci su tashi, wani lokaci kuma ya sha duka.

Da ya tasa, uban ya gaji ya ce, "Wanga yaro ba maƙeri na ba, mai tone-tone na. A bar shi ya tafi inda aka tone-tone."

Haka aka haɗa shi da wata motar gyaɗa mai zuwa Gusau, a kan zai zama karen mota. Sai ga wata matsala: Na'iya ba ya jure tafiyar mota. Da an fara gangara da hawa cikinsa zai juya. Kafin su kai Gusau ya yi laushi kamar tsumma, ya rantse ba zai koma saman kaya ba. Direban ya tausaya masa, ya miƙa shi ga wani Bayarabe mai suna Lasisi, wanda ke gyaran wutar mota a bayan tashar jirgi.

A nan Na'iya ya sami abin da aka halicce shi dominsa. Lasisi ba mai yawan magana ba ne, amma ya nuna masa yadda wuta ke fitowa daga batir, ta ratsa fiyus, ta bi makunni, ta shiga ƙwan fitila, sannan ta koma ta jikin ƙarfen motar. Ko'ina hanyar nan ta yanke, fitila ba za ta kama ba. Ya kuma haɗa masa abin gwaji, wato ƙwai ɗan ƙarami da waya biyu a jikinsa. Ka maƙala ɗaya a ƙarfen mota, ka riƙa taɓa wayoyi da ɗayar. Inda ƙwan ya kama akwai wuta, inda ya ƙi kuwa ka zo kusa da ciwon. Na'iya ya yi shekaru a wurin, har ya zama shi ake tura wa motocin da suka gagari sauran.

Ana saura kaɗan a ba da mulkin kai mahaifiyarsa ta aiko masa cewa in bai dawo ya yi aure ba, ita za ta taho Gusau da ƙafarta. Ya san za ta iya. Ya tattara wayoyinsa a akwatin ƙarfe, ya daure wa tafiyar, ya dawo. Aka ɗaura masa aure da Mardiya, mace mai fara'a da kaifin baki, wadda masar da take toyawa ta yi suna. Tun da Sanyinna mota ba ta cika tsayawa ba, sai suka tare a Tambuwal, inda motocin Sakkwato da Jega ke yada zango. Ya kafa rumfa gindin wani durumi a bakin tasha, nan da nan sunansa ya koma Na'iya Mai Waya.

Motocin zamanin ba su da yawa. Akwai manyan motocin gyaɗa da auduga, da Landirobar En'e, sai na 'yan siyasa masu lasifika da ke ɓullowa lokacin zaɓe. Amma ko wace ce, hanya ta girgiza ta, kuma fitila ce ke fara kuka. Wata ɓera ya shiga cikin hatsi ya ci mata waya. Wata tsatsa ta cinye inda waya ke kama ƙarfe. Wata kuma direbanta ne ya naɗe fiyus da takardar taba mai ƙyalli, har wayoyi suka narke suka manne da juna. Irin wannan in ta zo, Na'iya kan tsaya ya yi wa direban wa'azi tukuna kafin ya taɓa ta.

Da yake da rana yake aiki, yana da wani tsohon bargo. In zai duba ƙarfin fitila sai ya lulluɓe kansa da ita gaba ɗaya, ya rage ƙafafunsa kawai a waje. Mutanen tasha suka riƙa ce masa mai ɗaukar hoto. Bai damu ba.

Wanda ya fi kowa yi masa tsiya taubashinsa ne, Ɗangiwa, ɗan gwaggonsa. Ɗangiwa direba ne, mai karkata hula, mai muryar da ake ji daga ƙarshen tasha. Motar da yake ja tsohuwa ce mai bodin katako, kuma ita kaɗai ke shiga Kebbe ranar kasuwa. Da asuba take tashi kusan ba komai a ciki, da magariba ta juyo maƙare da hatsi da dabbobi da mutane.

Wata kaka, bayan mulkin kai da 'yan shekaru, motar nan ta tsiro da wani hali. Da asuba fitilunta tar, kamar rana biyu. Amma in an yi lodi a Kebbe an juyo, Ɗangiwa ya murɗa makunni, sai shiru. Karon farko a hanya suka kwana. Karo na biyu suka rataya fitilar ƙwai a hancin motar suka riƙa rarrafe, har masu jakuna suna wuce su suna yi musu sannu. Abin haushi kuma, da gari ya waye a Tambuwal an sauke kaya, sai fitilun su kama lafiya lau.

Ɗangiwa ya kawo ta gindin durumi. Na'iya ya duba ƙwai, ya duba fiyus, ya kankare tsatsa, ya bi wayoyi da abin gwajinsa, ko'ina wuta na nan. Ya ce, "Motarka lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau a gabanka," in ji Ɗangiwa. "Kunyarka taka ji?"

Kasuwa ta zagayo, aka sake kwana cikin duhu. Na'iya ya sauya makunnin da ake takawa da ƙafa don rage haske, ko shi ne. Ba shi ba ne. Daga nan Ɗangiwa ya sami abin waƙa. In ya shigo tasha sai ya ɗaga murya: "Ina mai ɗaukar hoto? Shekara nawa a Gusau, ashe bargo kaɗai anka koya mai!" Na'iya ya yi dariya tare da kowa, don wasan taubashi ba a fushi da shi, amma abin na cin sa. Har cikin barci wayoyin motar nan yake gani.

Su kuwa fasinjoji ba su zauna jiran mai waya ba, sun nemi dalilinsu. Da farko aka ce aljanun wata kuka ce a bakin fadama. Aka rataya laya a madubi, ba ta yi ba. Sai wani mai dogon tunani ya lura da wani abu. Akwai wata dattijuwa a Kebbe, Inna Ummu, ƙanwar mahaifiyar Mardiya. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da kanta. Takan sayi man shanu wurin matan Fulani, ta haɗa da daddawarta, ta bi motar Ɗangiwa zuwa Tambuwal, ta sauka gidan su Mardiya, in ta sayar ta koma tare da masu jakuna. Allah ya yi ta da jiki, ga ta ba ta ragawa a ciniki, don haka kullum ita ce ta ƙarshen shiga mota. Mutumin nan ya ce a tuna, da asuba ba ta cikin motar, kuma fitila na kamawa. Wani ya ƙara da cewa ranar da ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, ai da haske aka iso. Ba wanda ya tuna cewa ranar ruwan ƙarshen damina ya watse kasuwar, motar rabin kaya ta ɗauko.

Wata la'asar Na'iya ya shiga gida ya tarar da Mardiya zaune, ba ta ko jiƙa shinkafar masa ba.

"Malam, ka ji abin da aka faɗi?"

"Mi anka ce?"

"Wai Inna ka cin kurwar fitila."

Dariya ta kuɓuce masa. "Fitila na da kurwa?"

"Yi dariyarka. Yau a bakin rijiya wata ta janye ɗiyarta da ta gan ni. Wanda anka ce ya ci kurwar fitila yau, gobe ta yaro za a ce ya ci. Kuma na ji Ɗangiwa ya ce wagga kasuwa ba shi ɗauko ta."

Nan take ya daina dariya. Ya san yadda irin wannan magana ke bin mace har kabarinta, ta bi 'ya'yanta da jikokinta.

"Na duba motar nan ciki da bai," ya ce. "Ban ga komi ba."

"A nan ka duba ta, inda take lafiya. Wanzami ba shi tsaga inda ba ciwo. Bi ta Kebbe ka gan ta tana ciwon."

"Kin san ni da tafiyar mota."

"Na san ka. Ga lemun tsami nan, ka riƙa shinshina."

Ranar kasuwa da asuba Ɗangiwa ya ga taubashinsa ya taho da akwati da bargo, fuska kamar wanda za a kai alƙali. Ya tuntsire da dariya, ya buɗe masa gaba. Hanyar Kebbe ba hanya ba ce, sawun shanu ne da ramuka da yashi. Na'iya ya rungume lemunsa, yana salati a kowane gangare. Sai da suka isa ya kwanta a inuwa ya daɗe kafin duniya ta daina juyawa.

Bayan azahar aka fara lodi. Na'iya ya ce a ta da mota a kunna fitila, a bar ta a kunne.

"Da rana tsaka?" in ji Ɗangiwa. "Wa za ka haska wa, rana?"

"Kunna dai."

Ya durƙusa gaban motar ya lulluɓa da bargo. Mutanen Kebbe ba su taɓa ganin haka ba, nan da nan aka kewaye shi. Cikin bargon zafi kamar tanderu, zufa na shiga masa ido, amma fitila na ci. Yana jin 'yan dako suna jibga buhunan dawa da gero, motar na nishi tana sunkuyawa. Wani Bafulatani mai suna Bube ya hau da ragunansa. Mata suka hau da ƙore da kwanduna. Can sai Na'iya ya ga hasken ya ɗan kaɗa, kamar mai jin barci, ya dawo.

Daidai nan Inna Ummu ta iso da ƙwaryar man shanunta a ka, tana haki. Ba ta san abin da ake ciki ba. Ɗangiwa ya buɗe baki zai hana ta, kunya ta kama shi, ya ƙyale ta. Ta miƙa kayanta, ta kama sarƙar bayan mota, ta taka, ta haye.

Fitila ta mutu ɗif.

"Ta mutu!" Na'iya ya faɗa daga cikin bargo, bai san wa ya hau ba.

Kasuwa ta ɗauki salati. Ɗangiwa ya ce, "Inna, don Allah ɗan sauko." Ta dube shi da mamaki, ta sauko. Ƙafarta na taɓa ƙasa Na'iya ya ce, "Ta dawo!"

Da ya yaye bargon ya ga mutane sun ja da baya, an bar tsohuwar ita kaɗai a fili. Ta dubi wannan ta dubi wancan, mutanen da ta san iyayensu, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Sai ta gane. Ta gyara mayafinta.

Na'iya ya ji kamar ya nutse. Ya zo wanke ta, ga shi da bakinsa ya ƙara shafa mata. Amma da ya tuna yadda ya ji motar ta ɗan ɗago da ta sauka, sai abin ya faɗo masa.

"Inna," ya ce, "ki yi haƙuri, ki tafi can rumfar masu gishiri ki zauna. Nesa sosai, inda ko inuwarki ba ta kai nan."

Ta tafi ba ta waiwaya ba. Ya juya ga Bafulatanin. "Bube, sauko ka kama wa 'yan dako, ku ɗora buhun can, ku hau ku zauna bisa."

Suka ɗora, suka hau. Wannan karon bai shiga bargo ba, ya kira wani dattijo mai sayar da igiya, wanda ya fi kowa salati ɗazu, ya lulluɓa masa.

"Baba, mi ka gani?"

Dattijon ya ce daga cikin bargo: "Ta mutu."

"Ku sauko." Suka sauko. "Yanzu fa?"

"Ta dawo."

Bube ya dafe ƙirji ya ce, "Ashe ni ma maye na ban sani ba? Wallahi a gaya wa matata ta yi hankali!"

Wani ya fashe da dariya, wani ya kama, sai ga kasuwa duka tana ƙyaƙyatawa, irin dariyar mutanen da suka ji kunya suka sami mafita.

"Nauyi na," in ji Na'iya. "Ko wa ya hau ƙarshe, haka za ta yi. Ku koma bisa, kar kowa ya motsa sai na ce."

Ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar da ƙwan gwajinsa. Yanzu da take cikin ciwon, aikin bai da wuya. Ya taɓa bayan makunni, ƙwai ya kama. Ya bi wayar zuwa ƙarƙashin mazaunin direba, ya ɗan huda rigarta da allura ya taɓa, ya kama. Ya matsa gaba, inda aka taɓa yi wa ƙashin motar, wato ƙarfen da ke ɗauke da bodinta, faci da wani ƙarfe, ya tarar wanda ya yi facin ya ɗaure wayar tamau a jikinsa, ba ta da wurin numfashi. Gaba da ɗaurin ya taɓa, ƙwai ya ƙi. Ya ja wayar da yatsu biyu, ta miƙe kamar danƙo. Ya yanko wurin ya fito.

A gaban kowa ya tsaga rigar wayar. Daga waje sumul take, amma jan ƙarfen da ke ciki ya karye biyu, bakinsa har ya yi kore. Ya nuna musu yadda in motar ba kaya bakunan ke haɗuwa wuta ta wuce, in an danne ta ƙashinta ya lanƙwasa ya ja wayar, su rabu. Ya aika aka sa masa ƙarfen narka dalma a garwashin mai tsire, ya ƙara sabuwar waya mai tsawo, ya liƙe, ya naɗe da roba, ya bar mata sakayau yadda ko giwa aka ɗora ba za ta ja ta ba.

Sannan ya tafi da kansa rumfar masu gishiri, ya durƙusa. "Inna, taho ki hau."

Ta taso a hankali, kasuwa ta buɗe mata hanya. Fitilu na ci, Bube da ragunansa da buhuna duk suna sama. Ta zo bayan motar ta dubi sarƙar, sai ta wuce ta, ta zagaya gaba, ta tsaya a ƙofar direba.

"Ɗangiwa."

"Na'am, Inna." Hularsa ta miƙe tsaf a kansa.

"Ni na yi wa uwarka rakiya ranar da anka kai ta ɗaki. Yau ni kaka ce wa in sauko?"

"Inna, na tuba. Sharrin Shaiɗan na."

"Shaiɗan bai da lasin, kai ad da shi. Buɗe min nan. Tun da nauyina ya dame ku a baya, gaba nika zama."

Ɗangiwa ya buɗe da rawar jiki. Ta hau ta baje, ta ɗora ƙwaryar mai a cinya, wurin ya cika ba masaka tsinke. Na'iya ya duba ya ga ba shi da mazauni. Haka ya hau saman buhuna, tsakanin Bube da raguna, lemunsa kuma ya ɓace tun wurin gyara. Abin da ya sha a hanyar nan ba ya faɗuwa. Bube ya riƙe masa riga kar ya faɗo, yana ba shi haƙuri da Fulatanci. Amma da rana ta faɗi Ɗangiwa ya kunna fitila, haske ya zuba a kan hanya har ana ganin zomaye na tsallakawa, mutanen saman kaya suka yi ta kabbara.

Da suka isa gida Mardiya ta dubi innarta, ta dubi mijinta da ya shigo yana dafa bango. Ta dama masa kunun tsamiya mai zafi, ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita har ya shanye.

Maganar kurwar fitila ta mutu a ranar. Matar da ta janye ɗiyarta a bakin rijiya ita ta fara zuwa sayen daddawa. Ɗangiwa bai daina tsiya ba, don taubashi ba ya tuba, amma duk direban da ya yi kukan fitila a gabansa, ko a Jega ne ko a Sakkwato, sai ya ce masa ya nemi durumin Tambuwal. Aiki ya yi wa Na'iya yawa har ya ƙara rumfa, kuma daga lokacin in an kawo masa mota mai ciwon ɓoye yakan fara da tambayar me take ɗauke da shi sa'ad da abin ke tashi.

Ita kuwa Inna Ummu ba ta sake hawa baya ba har motar ta tsufa aka jingine ta. Tana gaba kowace kasuwa, tana gaya wa Ɗangiwa inda zai rage haske da inda zai ƙara, ko da ba mota a gabansu sai jaki. Labarin kuma ya zama nata. Tana ba da shi a gidajen biki da na suna, kowace shekara yana ƙara kyau, har ya kai ga cewa ita ce ta ji motar na lanƙwasa a ƙarƙashinta, ta kira mijin ɗiyarta ta ce ya leƙa wajen facin nan. In aka zo aka tambayi Na'iya ko haka aka yi, sai ya ci gaba da fere wayarsa, ya ce, "Yadda Inna ta faɗi, haka na."